Jar Igiyar Injin Yaya

Shekarar da Yaya ya sayo inji, gulbin Zamfara ya cika har ya haye fadamar da ke bayan Gummi, sai kawunan shinkafa kake hangowa suna lilo a saman ruwa. A lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu, amma katanga ce kawai tsakanin gidana da gidanmu. Abin da aka dafa a can ina jin ƙamshinsa, abin da aka faɗa kuma ba ya wuce kunnena.

Yaya shi ne babba a ɗakin Inna. Ya daɗe yana haƙar zinare a dazukan Anka da Bukkuyum, har zuwa lokacin da gubar dalma ta shiga ƙauyuka aka yi ta rasa yara. Inna ta aika masa cewa in bai dawo ba, za ta taso da ƙafarta ta fito da shi daga ramin. Ya san za ta aikata. Ya tattara ɗan abin da Allah ya ba shi ya dawo gida, bai ko gama hutawa ba ya wuce Yawuri. Da ya komo, a bayan a-kori-kura ya komo, rungume da injin jirgin ruwa da aka lulluɓe da bargo kamar amarya.

Muna da tsohon jirgin marigayi Baba, dogo, na katako, wanda tun muna yara da gora ake tura shi. Kafinta ya datse masa gindi ya kafa katako mai kauri, aka ɗaura injin a kai. Ranar gwaji rabin unguwa ta sauka bakin gulbi. Yaya ya fizgi igiyar tayarwa, injin ya yi tari, ya sake fizga, sai ga ƙara ta cika wurin, balbelu suka tashi gaba ɗaya. Ni ce mace ta farko da ta shiga. Da ya murɗa totur, hancin jirgin ya ɗaga, iska ta kwashe ɗankwalina ta yi gaba da shi, ban ko waiwaya ba. Na riƙe gefen jirgi ina ihu ina dariya, feshin ruwa yana dukan haƙorana. Ƙetaren da a da sai mutum ya gama cin rake guda kafin a kai, muka kai shi kafin in gama mamaki. Na ce, “Yaya, mu koma! Mu ƙara!” Muka yi ta kai da kawo har fetur ya ƙare.

A ranar ne na lura da wata 'yar jar igiya ta roba, mai lanƙwaye-lanƙwaye, tana reto a jikin injin. Bakinta ɗaya yana da ɗan baƙin maƙali da aka cusa ƙarƙashin wani maɓalli, ɗaya bakin kuma yana da ƙugiya. Na tambaye shi ta mece ce.

Ya ce, “Mai shagon ya ce wai in ɗaura ta ga hannu. In na hwaɗa ruwa ta hizge, inji shi mutu nan take.” Ya kece da dariya. “Ni da anka haihwa bakin gulbi? Mi za ya kai ni hwaɗuwa? Ba ni sa warwaro, na mata na.”

Da yake injin ba ya tashi sai maƙalin yana wurinsa, bai iya cire ta ya yar ba. Sai ya nannaɗe ta a jikin hannun injin, wato sandar da ake riƙewa a juya jirgi, ya ƙulle ta tam don kada ta dame shi. Ni ma dariya na taya shi. A ranar duk abin da Yaya ya faɗa daidai ne a wurina.

Ba a daɗe ba autarmu ta yi haihuwarta ta biyu a ƙauyen mijinta, can ƙetare. Mijin ya zo kasuwar Gummi ya sayi ragon suna, fari, mai ƙaho a murɗe da wuya kamar turmi. Yaya ya ce masa kada ya wahalar da kansa, ya bar ragon a gidanmu, shi zai ƙetare da shi ranar jajiberin suna tare da mata da kayan barka. Kowa ya san dalili. So yake surukai su gan shi a kan inji.

Ranar da hantsi muka sauka mashigi. Ni, da Inna, da Gwaggo ƙanwar Baba, sai ragon. Gwaggo mace ce mai jiki, mai murya, wadda ko kwata za ta tsallaka sai ta yi bisimilla. Ba ta taɓa shiga jirgin inji ba, kuma tun daga gida take rantsuwa cewa ita da ƙafa za ta zagaya ko da za ta kwana a hanya. Aka loda buhun gero, da ƙullin kanwa, da robar yajin jego, da kwallar sabulai da atamfofi. Aka ɗaure ragon a katakon zama na kusa da baya, aka ba Gwaggo ragowar igiyar ta riƙe, don ta sami abin da zai ɗauke mata hankali.

Sai ga Yaya ya sauko. Babbar riga ce a jikinsa, shuɗiyar shadda sabuwa fil, tana ƙara saboda sitaci, ga hula an kafa a goshi, ga baƙin tabarau.

Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai, tuƙin jirgi za ka ko ɗaurin aure?”

Ya ce, “Inna, mutum da surukkai nai ai sai ya hito da kyau.”

Muka tashi. Gwaggo ta rufe ido ta kama salati da ƙarfi, ta haɗa da duk addu'ar da ta sani har da ta shiga kasuwa. Da muka fita daga cikin ciyayi muka hau tsakiyar ruwa, iska ta bugi fuskarta, sai salatin ya fara raguwa. Ta buɗe ido ɗaya. Ta buɗe na biyu. Can sai na ji ta ce, “Yo ashe haka abin ga yake da daɗi? Kai yaro, iyakar gudu nai ke nan?”

Me Yaya zai yi in ba ƙara wuta ba. Inna tana faɗa tana dariya, tana danne mayafinta da hannu biyu. Ni kuwa na juya ina fuskantar gaba, na buɗe baki iska tana cika mini kumatu. Gwaggo har da 'yar guɗa.

Da muka fara hango gaɓar ƙetare, sai ga mutane tsaitsaye a ƙarƙashin wata ƙatuwar giginya. Ƙarar injin ce ta fito da su, maza da mata da yara. A jikin hannun injin akwai wani ɗan ƙusa da in an ɗaure shi, totur yakan tsaya inda aka bar shi ko an saki. Yaya ya ɗaure shi. Ya miƙe tsaye, ya tokare sandar da cinyarsa, ya ɗaga hannu biyu sama yana jinjina wa surukai. Iska ta shiga babbar rigar ta buɗe ta kamar tutar makaranta, gefenta ya riƙa marin ragon a fuska.

Na ga lokacin da ragon ya ja da baya. Na ga ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan yi magana, amma ban san ko Yaya zan kira ko ragon zan tsawata wa ba, kafin in zaɓa ya riga ya tashi. A bayan gwiwa ya same shi. Yaya ya yi sama, ƙafafu a gaba, hula ta yi nata wuri, tabarau ya yi nasa, sai ji muka yi tsundum.

Dariya ce ta fara zo mini. Irin wadda ke kama ciki ta hana numfashi. Ga Yaya can a baya, rigar ta kumbura ta kewaye shi kamar buɗaɗɗiyar lema, kansa a tsakiya yana furzar da ruwa. Na san ya iya iyo kamar kifi, don haka ban ji tsoron komai ba. Inna ma ta dafe baki, kafaɗunta suna rawa.

Sai jirgin ya karkata. Da babu mai riƙe da sandar, ta faɗa gefe ɗaya ta tsaya a can, injin kuwa yana nan da wutarsa yadda aka bar shi. Muka kwanta a gefe, ruwa ya leƙo ta baki, kwallar sabulai ta kife. Jirgin ya shiga zagaye kamar yaro mai wasan hajijiya. Giginya ta wuce ta gabana, fadama ta wuce, hayaƙin garinmu ya wuce, ga giginya kuma ta dawo. Mutanen gaɓa ba su ga faɗuwar da kyau ba, sun ɗauka gwaninta ce Yaya yake nuna musu. Muna jiyo tafi, wata mata har ta rangaɗa guɗa.

Da zagayen ya cika, na ga hancin jirgin ya nufi shuɗiyar rigar nan kai tsaye. Na ga fuskar Yaya. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. A nan dariyata ta yanke. A ƙarƙashin injin akwai farfela mai kaifi da ke yanka ruwa, na taɓa ganin yadda ta datse reshen da ya fi hannuna kauri. Yaya ya nutse, muka wuce ta inda yake. Na leƙa baya ban ga komai ba sai kumfa. Can ya ɓullo, ya zame daga cikin rigar ya bar ta tana yawo, daga shi sai 'yar shara, yana ɗaga hannu yana ihu.

“Ja' igiya! Ja' igiya!”

A bakinmu na Zamfarawa, in mutum ya ce jar igiya da sauri, ba ta da maraba da ja igiya. Shi launi yake nufi, mu kuwa umurni muka ji. Igiya kuma ba ɗaya ba ce a jirgin. Gwaggo ta tattara ƙarfinta ta fizgi igiyar rago, ragon ya taho gaba ɗayansa ya faɗa mata a cinya yana harbe-harbe. Inna ta rarumi igiyar da ake ɗaure jirgi da ita a mashigi, ta yi ta ja tana tarawa a gabanta har ta kai ƙarshenta, ta tsaya tana kallon bakin igiyar a hannunta.

Gwaggo tana ƙarƙashin rago tana ihu, “Na ja! Wallahi na ja! Mi kuma za ni ja?”

Ni na rarrafa na nufi baya. Tsayuwa ba ta yiwuwa, jirgin a karkace yake, kaina yana juyawa. Na haye buhun gero, na bi ta kan ƙafafun Gwaggo, ragon ya ba ni kofato a kafaɗa. Yajin jego ya zube ya haɗu da ruwan da ya shigo, ya shiga idona, ina hawaye ina atishawa. Na isa wurin injin na kama igiyar da na ga Yaya yana fizga kullum, ta tayarwa, na ja. Injin ya yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, igiyar ta fizge daga hannuna ta koma.

Muka sake zagayowa. Wannan karon Yaya ya yi iyo ya nufi waje, amma ruwan yana da ƙarfi, yana turo shi, zagayen namu ma yana gangarawa tare da shi. Na ji gefen jirgin ya bugi wani abu, gum. Inna ta ƙwalla kiran sunansa, ita da ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta ba tun da aka haife shi. Da ya ɓullo a bayanmu, muryarsa ta canza.

“Ja! Mai launin ja! Ga hannun inji!”

Sai a lokacin na gan ta, a gaban hancina, nannaɗe a jikin sandar inda ya ƙulle ta. Na ja, ƙullin bai saki ba. Na sa farce, roba ce mai santsi ga ruwa ga yaji. Giginya ta sake wucewa, yanzu babu mai tafi, mutane gudu suke yi a gaɓa, wasu maza suna tura kwale-kwale cikin ruwa. Na bar ƙullin na bi igiyar da yatsa har inda baƙin maƙalin yake, na sa yatsu biyu na fincike shi.

Injin ya mutu. Nan take, kamar an toshe masa baki. Jirgin ya ɗan ƙara tafiya, ya miƙe daga karkacewar, ya tsaya yana lilo. Shirun da ya biyo baya har kunnena yana ƙara. Sai kukan rago, da tarin Yaya daga can nesa kaɗan.

Wasu masunta biyu ne suka fara isa gare shi da kwale-kwalensu, suka jawo shi ciki, suka kawo shi gefenmu. Jini yana zuba daga ƙwaurinsa na hagu. Farfelar ta shafe shi a wucewa ta biyu, ta tsaga naman kamar an sa aska. Inna ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wurin tam. Da ta gama, ta ɗaga hannu ta ɗaka masa duka a gadon baya, ta ƙara, sannan ta rungume kansa ta fashe da kuka. Shi kuwa, gwarzon ramin zinare, yana zaune cikin 'yar shara yana karkarwa.

Gwaggo ce ta fasa shirun. Ta ture ragon daga jikinta, ta gyara zama, ta ce, “To ni dai an ce a ja igiya, na kuwa ja.”

Ɗaya daga cikin masuntan ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi. Ni ce na fara, sai Inna ta kama da hawayenta a fuska, sai Gwaggo, daga ƙarshe Yaya ma ya sunkuyar da kai yana dariya yana cewa wayyo ƙafata. Na kwanta a gindin injin ina riƙe da ciki, bakin jar igiyar yana hannuna na kasa saki. In na yi shiru sai in ga Inna da tulin igiyar mashigi a gabanta, in sake fashewa. Haka masuntan suka ja mu zuwa gaɓa, kamar jirgin mahaukata. Wani ya bi rigar ya tsamo ta da gora, farfela ta yi mata tsaga uku daga kafaɗa har ƙasa. Da Inna ta gani, dariyarta ta tsaya, ta daɗe tana juya rigar a hannu.

A ɗan asibitin ƙauyen aka ɗinke ƙafar. Malamin da ya yi ɗinkin ya nuna mana da yatsa inda babbar jijiyar agara take, kusa ƙwarai da bakin yankan, ya ce da ta taɓu da sai dai sanda har abada. Yaya ya kwana a zauren surukai cikin aron jallabiyar mijin autarmu, wadda da ƙyar ta rufe masa gwiwa. Duk wanda ya shigo yi masa sannu sai ya fita da sauri, mu kuma daga cikin gida muna jin abin da yake fitar da su. Mai jego kanta sai da ungozoma ta kore mu daga ɗakinta, ta ce za mu sa ta yi wa kanta lahani da dariya.

Da safe aka raɗa suna aka yanka ragon. Yaya ya sa aka kawo masa kujera har inda ake fiɗa, ya zauna ya miƙe ƙafa yana kallo. Da aka zo rabo ya ce shi ba ya son cinya, ba ya son hanta, kan kawai za a ba shi. Aka ce ai kai yana da masu shi. Ya ce, “Ni da shi muna da magana.” Surukinsa dattijo ya yi murmushi ya ce a ba shi, ya biya da jininsa.

Washegari muka shirya komawa. Sarkin ruwan ƙauyen, wani tsoho mai farin gemu, ya rako mu har mashigi. Bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya ce shi ya taɓa tsamo mutumin da jirginsa ya zagayo ya same shi, can ƙasa wajen da gulbi ya faɗaɗa, kuma ba zai so ya kwatanta mana yadda ya gan shi ba. Ya ce wannan mutumin shi kaɗai ne a jirgin, babu wanda zai fincike masa komai. Yaya ya saurara kansa a ƙasa.

Kafin ya taɓa injin, Inna ta ce ya miƙo hannu. Ya miƙa na dama. Ta warware igiyar daga jikin sandar da kanta, ta zagaya masa ita a wuyan hannu, ta maƙala ƙugiyar, ta ƙara zagaye ɗaya don ta tabbata. Ya mayar da maƙalin wurinsa, ya tayar, ya zauna a kan katako kamar ɗalibi, muka tashi a hankali.

Ba mu yi nisa ba muka haɗu da masuntan da suka cece shi, suna jefa birgi, ragarsu ta kamun kifi. Yaya ya ɗaga hannun dama sama zai jinjina musu. Ashe Inna ta gajarta igiyar da zagayenta na biyu, sai maƙalin ya fita, injin ya mutu a tsakiyar gulbi. Muka tsaya cak muna kallon juna.

Gwaggo ta ce, “A'a, ashe tana aiki.”

Ya sunkuya yana laluben maƙalin, yana ƙunƙuni, masuntan suna tambaya daga nesa ko a kawo gora. Inna ta ce ya bi a hankali, ba mai koran mu. Ta kwance ƙullin soyayyen naman suna da aka ba mu, ta miƙo mini tsoka, ta miƙa wa Gwaggo. Ruwa yana gangarawa da mu sannu-sannu ta gefen shinkafar mutane, rana ba ta yi zafi ba tukuna, muna ci muna ba shi shawara iri-iri a kan injin da babu wadda ta san kansa a cikinmu.